Ɗala'al Badru: Wa Ya Ji Ta da Kunnensa?

A wata walimar saukar Alƙur'ani da aka gayyace ni kwanakin baya, a wata makarantar Islamiyya ta unguwarmu wadda ba sai na ambaci sunanta ba, bayan an shimfiɗa tabarmi, an jera wa manyan baƙi kujerun roba a ƙarƙashin rumfa, an kuma gama fama da lasifikar da ke ta ƙugi tun hantsi, sai aka fito da waɗansu 'yan mata ƙanana cikin fararen hijabai, aka tsayar da su sahu biyu, suka ɗauki waƙar nan da ba na zaton akwai Musulmin ƙasar nan da bai taɓa jin ta ba, watau Ɗala'al Badru. Ƙaramar cikinsu, wadda hijabin ya yi mata yawa har tana tattare shi da hannu ɗaya, ita ce ke bayarwa, saura suna amsawa, kuma kafin su kai ƙarshe na hangi tsofaffi a ɓangaren mata suna share ido da gefen mayafi. Da suka gama, mai gabatarwa ya karɓi lasifika ya shaida wa jama'a, ba tare da ya ce "an ce" ko "an ruwaito" ba, cewa wannan ita ce ainihin waƙar da matan Madina suka rera daga kan soraye ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iso garinsu daga Makka, da wannan lafazi, da wannan kari.

Wani saurayi da ke zaune kusa da ni, wanda na ji an ce bai daɗe da dawowa daga karatu a ƙasashen Larabawa ba, ya sunkuyo ya ce mini a hankali, "Baba, wannan labari fa bai inganta ba." Ashe wani dattijo da ke bayanmu ya ji, sai ya taɓa kafaɗarsa da carbi ya ce, "Yaro, tun ba a haifi kakanka ba ake rera ta." Daga nan kowa ya ja bakinsa, aka shiga rabon shinkafa. Ni kuwa na koma gida ina juya maganganun nan biyu, domin na ga kowane ɗayansu ya faɗi gaskiya, kuma babu wanda ya amsa wa ɗan'uwansa, tun da saurayin yana magana ne a kan riwaya, dattijon kuwa a kan gado.

Ya kamata mai karatu ya san tun da fari cewa wannan saɓani ba a zamaninmu aka fara shi ba, kuma ba tsakanin Izala da Ɗariƙa ya tsiro ba, ko da yake a garuruwanmu da wuya a taɓa maganar waƙar yabo ba a ja ta zuwa can ba. Manyan malaman hadisi da na sira sun yi ƙarni a kan ƙarni suna tattauna ta cikin natsuwa, kowa na kawo hujjarsa yana rufewa da "Allah ne mafi sani", kuma da za mu ɗauki ladabinsu ko da ba mu ɗauki iliminsu ba, da an rage zafin kai a wuraren walima.

Idan mutum ya buɗe Sira ta Ibnu Hisham, wadda ya tace daga littafin Ibnu Ishaƙ, wadda kuma ita ce uwa ga mafi yawan abin da muke karantawa na tarihin Hijira, zai tarar da labarin shigar Madina daki-daki: sauka a Ƙuba a wurin Banu Amru bin Auf a ranar Litinin cikin watan Rabi'ul Awwal, da kafa masallaci a can, da sallar Juma'a a unguwar Banu Salim, da yadda kowace ƙabila ta Ansaru ke riƙe ragamar taguwa tana roƙon a sauka a wurinta, har taguwar ta durƙusa inda aka gina masallaci daga baya, aka shigar da kaya gidan Abu Ayyuba. Duk da wannan tsanaki na marubucin, wanda ya cika littafinsa da baitocin Hassanu da Ka'abu da waɗanda ba su kai su ba, ba za ka sami waɗannan baitoci a wannan babi ba. Haka nan Buhari da Muslim sun kawo bayanin farin cikin mutanen Madina a wannan rana daga bakin Bara'u bin Azib, wanda ya shaida cewa bai taɓa ganin sun yi murna da wani abu kamar yadda suka yi a ranar ba, an ambaci maza da mata a kan rufin gidaje, da yara da barori a kan hanyoyi suna shelar isowar Manzo. Abu Dawuda ya ruwaito daga Anas cewa Habashawa sun yi wasa da masu saboda murna. Saboda haka murnar tabbatacciya ce, hawa soraye ma tabbatacce ne, baitocin ne kaɗai ba su zo tare da su ba.

To, daga ina suka zo? Mashahuriyar hanyar da malamai ke komawa gare ta ita ce ta Imam Baihaƙi, wanda ya rasu a shekara ta 458 bayan Hijira, a littafinsa Dala'ilun Nubuwwa, inda ya kai isnadinsa zuwa ga wani malamin Basra da ake kira Ibnu A'isha, shi kuwa ya ce lokacin da Annabi ya iso Madina mata da yara sun riƙa faɗin waɗannan baitoci. Sunan wannan malami Ubaidullahi bin Muhammad, ana masa laƙabi da Ibnu A'isha domin yana daga zuriyar A'isha 'yar Ɗalha, mutum ne amintacce a wurin masu tantance maruwaita, masanin Larabci da nasaba da labaran Larabawa, Ahmad bin Hambal da Abu Dawuda duk sun ɗauki hadisi daga gare shi. Babu wanda ya tuhume shi da ƙarya. Illa dai ya rasu a shekara ta 228, watau tsakaninsa da ranar da yake ba da labarinta akwai tazarar da sai mutum uku ko fiye sun miƙa wa juna magana kafin ta iso kunnensa, shi kuwa bai ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba. Wannan shi ne abin da malaman musɗalahi ke kira mu'udali, riwayar da mutum biyu ko fiye suka faɗi daga isnadinta a jere, kuma da wannan suna ne Hafiz Iraƙi ya kira ta a wajen tahrijin hadisan Ihya'u na Imam Gazali, da shi ne kuma Ibnu Hajar ya kira ta a Fathul Bari.

Akwai wani ɗan abu a nan da yake ba ni mamaki duk lokacin da na tuna shi, domin yana nuna yadda kalma ɗaya ke iya sauya matsayin labari. A waɗansu littattafai na baya, da waɗansu kwafe-kwafe da aka buga, kalmar "ibnu" ta zame daga alƙalamin mai kwafa, sai riwayar ta koma "daga A'isha", mai karatu kuwa da zarar ya ga wannan suna zuciyarsa ba ta zuwa ko'ina sai ga Uwar Muminai, Allah ya yarda da ita, sai labarin da malamin Basra na ƙarni na uku ya faɗa ya zama kamar shaidar wadda ta zauna a ɗakin Annabi. Duk wanda ya taɓa kwafar littafi da tawada da alƙalamin kara a zaure, fitila tana lumshewa, ido yana nauyi, ya san ba a buƙatar mugun nufi kafin irin wannan ta faru.

Ko da an kau da kai daga isnadi, matanin kansa ya jawo wata muhawara, wadda ita ce ta fi daɗin bi, domin muhawara ce ta sanin ƙasa da hanyoyinta. Baitocin sun ambaci wani wuri mai suna Saniyyatul Wada'i, watau mashigar da ke tsakanin duwatsu inda masu rakiya ke tsayawa su yi sallama da matafiyi su juya gida, kamar yadda a garuruwanmu na da ake raka mai tafiya Hajji har bayan ganuwa, a tsaya a gindin wata sananniyar bishiya a yi addu'a a rabu. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751, ya tsaya a kan wannan suna a Zadul Ma'ad ya ce waɗanda ke danganta waƙar da ranar Hijira sun yi wahami bayyananne, domin wannan mashiga tana ta fuskar Sham ne, arewa da Madina, mai tahowa daga Makka ba ya ganin ta, ba ya bi ta kanta. A wurinsa an rera baitocin ne lokacin dawowa daga yaƙin Tabuka a shekara ta 9. Yana da abin dogaro mai ƙarfi, domin Buhari ya ruwaito daga Sa'ibu bin Yazid cewa yana tuna fitarsa tare da yara zuwa wannan mashiga don tarbar Annabi a dawowarsa daga Tabuka, Tabuka kuwa kowa ya san arewa take, Ƙuba da aka fara sauka a cikinta ranar Hijira kuma tana kudu. Ibnu Hajar ma ya karkata ga wannan da lafazin "la'alla", watau "wataƙila". Sai dai mai lura zai ga cewa hadisin Sa'ibu ya tabbatar da fita da tarba da wurin, bai ambaci waƙa ba ko da baiti guda, don haka mayar da ita Tabuka ya warware matsalar hanya, bai ɗinke ɓarakar isnadi ba.

Waɗanda ke riƙe da ranar Hijira su ma ba su zo hannu rabbana ba. Baihaƙi da kansa, da ya sake kawo riwayar a babin Tabuka, ya bayyana cewa malamansu a babin isowa daga Makka suke ambaton ta. Alƙali Iyal, wanda malamanmu na Malikiyya suka sani ta hanyar Ashafa, ya ce mashigar tana kan hanyar Makka, Yaƙutu mai Mu'ujamul Buldan ma haka ya siffanta ta. Waɗansu suka yi jam'i suka ce ai sunan ya zo ne da sigar jam'i a cikin baitin, kuma garin da matafiya ke fita daga gare shi ta fuskoki daban-daban ba abin mamaki ba ne ya kasance yana da wurin sallama fiye da ɗaya. Samhudi, marubucin tarihin Madina wanda ya rasu a shekara ta 911, wanda ya zauna a garin ya taka wuraren da ƙafarsa, ya yarda mashigar tana arewa, amma ya nemi mafita da cewa ayarin Annabi ya zaga unguwannin Ansaru kafin ya shiga tsakiyar gari, don haka ba a rasa ya ɓullo ta wannan fuska ba. Har ila yau, don a ga cewa su kansu manyan ba su tsira daga sarƙaƙiyar naƙali ba, Ibnu Hajar ya naƙalto a wani wuri na Fathul Bari cewa Ibnul Ƙayyim yana ganin mashigar ta fuskar Makka take, alhali abin da ke cikin Zadul Ma'ad da ke hannunmu kishiyar haka ne. Idan maganar malami da aka rubuta a littafi za ta iya juyewa a hannun hafizi kamar Ibnu Hajar cikin shekara ɗari, ina ga baitocin da suka yi shekara ɗari biyu suna yawo a bakin mata da yara kafin wani ya kama su ya sa a takarda?

Alhajin da ya je Madina yau da niyyar ya tsaya a kan wannan mashiga ya raba gardama da idonsa, tituna da gine-gine zai tarar a gefen dutsen Sal'u.

Sannan ga batun tsawon waƙar. Abin da Baihaƙi ya kawo baiti biyu ne kacal, a kan gajeren karin Ramal, mai sauƙin hawa harshe, irin wanda yaro ke haddacewa a ji ɗaya. Baiti na uku malaman sira na baya sun jingina ƙarinsa ga Razinu, malamin Andalus na ƙarni na shida. Na huɗu, da duk abin da ke biye da shi a bakin masu bege na Masar da Turkiyya da Indunusiya da Kano, ƙari ne na masu ƙauna, kowane zamani yana ɗora nasa tubali, har ta kai a yau kana iya jin mai rerawa ya yi minti goma bai maimaita ba, mai sauraro kuwa yana zaton duka daga bakin matan Madina suka fito. Kari kuwa, watau muryar da ake rera ta da ita, babu mai iya da'awar ya gaje shi daga ƙarni na farko, domin isnadi yana ɗaukar lafazi, ba ya ɗaukar sauti. Fim ɗin nan na Arrisala, wanda Mustafa Akkad, mutumin Halab ta Siriya, ya fitar a 1976 da Larabci da Ingilishi, ya sa waƙar a wurin shigar Madina, kuma duk wanda ya kalle shi a bidiyo a ɗakin wani maƙwabci cikin azumi ya san yadda hoton nan na masu tarba da ganyen dabino ya zauna a zukata. Yusuf Islam ya sake rera ta a faifansa na 1995, kaset ya ɗauka, rediyo ya ɗauka, yanzu kuma waya. Ina kyautata zaton yaran da na gani a walima sun fi bin bashin waɗannan a wajen murya fiye da yadda malaminsu ke tsammani.

Kada a ɗauka wannan ɗabi'a ta rataya wa waƙa labari ta mutanen da ce kaɗai. A watan Disamba na 2015 wani hoton bidiyo ya karaɗe duniya, na ɗaliban wata makaranta a birnin Ottawa na Kanada suna rera wannan waƙa a wani taron ƙarshen shekara, aka yaɗa shi da cewa an shirya shi ne don tarbar 'yan gudun hijirar Siriya da suka fara sauka ƙasar a wannan wata, mutane suka yi ta kuka suna turawa, daga baya masu shirya taron suka bayyana cewa sun zaɓi waƙar tun kafin wannan batu ya taso. Wannan ya faru a zamanin da komai ke da kwanan wata a jikinsa, masu abin suna raye, ana iya tambayarsu, amma cikin 'yan kwanaki labarin da ya fi daɗi ya rinjayi labarin da ya faru. Waƙar tarba ce, duk inda ta je sai mutane sun nemo mata baƙon da za ta tarba.

Ra'ayina a kan wannan al'amari, wanda ba na tilasta wa kowa shi, shi ne cewa saurayin nan ya yi daidai a hukuncinsa, kuma bai kamata a rufe masa baki da girman shekaru ba. Jingina magana ko aukuwa ga zamanin Annabi da majalisinsa ba kamar jingina ta ga Bayajida ko Barbushe ba ne, inda in an ƙara gishiri babu wanda zai tsaya gaban Allah a kansa. Wanda ya ce an rera waƙa a gaban Manzo bai hana ba, ya shigar da ita babin taƙriri, watau ya mayar da ita Sunna, ko ya sani ko bai sani ba. Haka kuwa aka yi: Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505, ya kafa hujja da wannan labari a Ihya'u a babin sauraron waƙa, ya ambaci mata a kan soraye da bandiri da rerawa, Iraƙi kuma ya bi bayansa ya nuna cewa riwayar Baihaƙi ba ta ambaci bandiri ko rerawa ba. Mai son ya kare halaccin waƙar farin ciki da bandiri yana da hadisai ingantattu da zai nufa, kamar na kuyangi biyu da ke waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi, wanda ke cikin Buhari da Muslim; ba shi da buƙatar ya ɗora gininsa a kan ginshiƙin da masu fannin suka ce ba ya ɗaukar nauyi. Kuma malamin Islamiyya da ke tsaye gaban yara yana da amana a wuyansa, ba ya rasa komai idan ya ce musu, "Malaman sira sun ambata cewa an tarbi Annabi da waɗannan baitoci, waɗansu suka ce ranar Hijira, waɗansu suka ce ranar dawowa daga Tabuka, masana hadisi kuma suka ce hanyar labarin ba ta haɗu ba." Yaron da aka gaya wa haka ya koyi waƙa, ya kuma koyi abin da ya fi waƙar tsada, watau cewa a addininsa ana tambayar magana daga ina ta fito.

Amma inda nake rabuwa da waɗansu abokan saurayin, waɗanda na sha jin su a wa'azi da a rediyo, shi ne inda suke tsallakawa daga "bai inganta ba" zuwa "ƙarya ce", daga nan kuma zuwa "a daina rerawa". Mu'udali ba maudu'i ba ne. Rashin sanin waɗanda suka miƙo labari ba ya zama sanin cewa an ƙirƙire shi, kuma malaman da suka raunana shi, su ne dai suka ci gaba da rubuta shi a littattafansu, Ibnul Ƙayyim da ake kafa hujja da shi bai ce ba a rera ba, wurin rerawar da lokacinta ya gyara. Malaman magabata sun kasance suna tsanantawa a hadisan halal da haram, suna sassautawa a labaran magazi da sira matuƙar ba su ƙunshi hukunci ko abin ƙi ba, da ba don haka ba da an zubar da kaso mai yawa na abin da muke karantawa a tarihin farkon Musulunci. Ban da haka ma, a ɗauka an tabbatar gobe cewa wani mutumin Basra ko wata tsohuwa ta Madina ce ta tsara baitocin shekara ɗari bayan wafati, me ya ragu daga ma'anarsu? Kamanta Annabi da wata ɗan daren sha huɗu abu ne da sahabbai suka yi a siffanta fuskarsa, wajabcin godiya a kan zuwansa kuwa babu Musulmin da ke jayayya a kai. Muna rera Ishiriniya ta Alfazazi da Burda ta Busiri, mun san marubutansu sun zo ne bayan shekara ɗari shida, ba mu taɓa neman sai Annabi ya ji su a Madina kafin mu buɗe baki ba.

A ganina abin da ke damun ɓangarorin biyu ɗaya ne, ko da yake ba za su so a haɗa su ba: dukansu sun kasa yarda cewa waƙa tana iya zama mai daraja alhali ba a san mai ita ba. Ɗaya yana ganin in ba a ba ta asali mai tsarki ba ta faɗi, shi ya sa yake rantsuwa a kan abin da bai gani ba. Ɗayan yana ganin tun da asalin bai tabbata ba ta faɗi, shi ya sa yake son a kawar da ita. Bahaushe kuwa bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. Kakata ta wajen uwa tana da waƙoƙin niƙa da na daɓe da na reno waɗanda in ka tambaye ta wa ya yi su sai ta dube ka kamar ka tambayi wa ya haƙa kogi, ta ce haka ta taso ta ji. Kuma na tabbata ta ƙara nata a ciki, domin akwai baitin da ke ambaton sunan kishiyarta, wanda ba zai yiwu ta gaje shi ba. Waƙar Bagauda, wadda ta jero sarakunan Kano, masana sun yi ta bincike a kan wanda ya fara ta, kuma a bayyane yake cewa hannu fiye da ɗaya ya taɓa ta tun da jerin sarakunan ya ci gaba da tsawo. Irin wannan waƙa ba a tambayar ta takardar haihuwa, ana tambayar ta ne ko abin da take faɗa gaskiya ne, ko kuma ta iya zama a baki. Bambancin Ɗala'al Badru da waƙar kakata shi ne an rataya mata da'awa a kan Manzon Allah, kuma wannan da'awar ce kaɗai ke buƙatar shaidu. In an sauke ta, ko aka sassauta ta zuwa "an ce", abin da ya rage waƙar jama'a ce, mallakar duk wanda ya rera ta tun daga Basra har zuwa rumfar da muka zauna.

Na san za a ce mini talaka ba ya rarrabe "an ce" da "ya tabbata", don haka gara a toshe ƙofar gaba ɗaya. Ban yarda ba. Matar da ke sayen atamfa tana rarrabe mai zuba da marar zuba, manomi yana rarrabe iri, mai sauraron labarin rediyo yana rarrabe "majiya ta ce" da "gwamnati ta sanar". Mutanen da suka iya wannan ba za su kasa fahimtar darajojin riwaya ba idan an yi musu bayani da harshensu, ba da izgili ba. Abin da ke sa dattijo ya ɗaga carbi ba jahilci ba ne, yawanci salon da aka zo masa da maganar ne, domin wanda aka ce wa abin da uwarsa ta rene shi da shi shirme ne ba zai tsaya sauraron sunan Ibnu A'isha da shekarar rasuwarsa ba.

Bayan an watse daga walimar na sake haɗuwa da saurayin a bakin ƙofa yana neman takalminsa cikin tarin takalma, na tambaye shi ko ya san wanda ya fara raunana riwayar, ya ambaci Shaihu Albani, na ce masa ya ƙara komawa baya da shekara ɗari shida zai tarar da Iraƙi da Ibnu Hajar sun riga shi, ya yi murmushi ya ce zai duba. Muna cikin haka sai ga yarinyar nan mai babban hijabi ta fito riƙe da ledar shinkafarta, ta nufo shi kai tsaye ta kama hannunsa tana cewa, "Yaya, ka ji ni? Ban manta ko ɗaya ba." Ashe ƙanwarsa ce. Ya karɓi ledar ya riƙe mata, ya ce ya ji, ta yi ƙoƙari, suka bi layi suka tafi, ita tana ta maimaita amshin ƙasa-ƙasa, shi kuma yana gyara mata wasalin wata kalma da take ja fiye da kima.